Jibin Ubangiji: Asalinsa, Ma'anarsa da Yadda Ake Gudanar da Shi a Ibadar Kirista

1.0 Gabatarwa

A cikin ibadodin addinin Kirista, in aka ɗebe baftisma, babu wadda ta kai Jibin Ubangiji daɗewa, babu kuma wadda ta kai shi jawo gardama. A zahiri abu ne mai sauƙi: jama'a su taru, shugaba ya yi addu'a a kan gurasa da ruwan inabi, kowa ya ci ɗan gutsure ya kuma kurɓa kaɗan. Amma a kan wannan gutsure da kurɓi an ƙone mutane da ransu, an hana wasu muƙamin hukuma, ikilisiyoyi kuma sun rabu rabuwar da har yau ba ta ɗinke ba.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana asalin wannan ibada, da ma'anonin da rukunonin Kirista suka ba ta, da yadda ake gudanar da ita. Za a kuma duba kalmomin da aka zaɓa mata a Hausa. Ya kamata a lura cewa ibadar ta ginu ne a kan imanin Kirista cewa an gicciye Yesu Almasihu ya mutu ya kuma tashi, abin da Musulunci bai yarda da shi ba game da Annabi Isa (AS). Saboda haka za a kawo bayanin ne kamar yadda masu ibadar suka ɗauke ta.

2.0 Sunaye da Abin da Suke Nunawa

Ibadar tana da sunaye da yawa, kowanne kuwa ya fi ƙarfafa wani ɓangare nata. Sunan da ya fi yaɗuwa a tsofaffin ikilisiyoyi shi ne Yukaristiya, daga kalmar Girkanci mai ma'anar godiya. Akwai kuma tarayya, fassarar kalmar Girkanci koinoniya, wadda ke nuna haɗuwar masu ci da Almasihu da kuma haɗuwarsu da juna. Katolika suna kiran sujadar baki ɗayanta da sunan da ya fito daga missa ta Latin, kalmar da ke cikin jawabin sallamar jama'a a ƙarshen sujada. Kiristocin Larabawa da na Habasha suna amfani da kalmar ƙurbani, watau hadaya ko abin kusanci ga Allah. Littafin Ayyukan Manzanni kuwa gutsuttsura gurasa ya kira ta.

A Hausa, sunan da ya zauna shi ne Jibin Ubangiji. Kalmar jibi a nan tana nufin abincin da aka zauna aka ci, ta kuma sha bamban da jibi ta lokaci, watau ranar da ke bin gobe, wajen karin sauti. Haka nan ba ta da alaƙa da jiɓi mai ma'anar gumi. Tsohuwar kalma ce da ba kasafai ake jin ta a hirar yau da kullum ba, har ana iya cewa majami'a na cikin wuraren da suka riƙe ta da rai. Sauran kalmomin ma abin lura ne. Masu fassara sun ɗauki gurasa, wadda Hausa ta aro daga Larabci, suka bar burodi da ya zo daga Ingilishi. Zaɓi ne mai kyau, domin gurasar Kano ta fi kama da abincin Falasɗinu na wancan zamani, ana kuma gutsurarta da hannu. Inabi ma daga Larabci yake. Abin shan kuwa ƙoƙo aka kira shi, kalmar da ke sa Bahaushe ya tuna da ƙaramar ƙwarya da ake zagayawa da ita a sha fura.

3.0 Asali

Labarin kafa wannan ibada ya zo a wurare huɗu na Sabon Alkawari: Matiyu 26, Markus 14, Luka 22, da wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura ta 11. Wasiƙar Bulus ce mafi tsufa a cikinsu, an rubuta ta wajen shekara ta 53 zuwa 55 Miladiyya. Jigon labarin shi ne, a daren da aka kama Yesu a Urushalima ya ci abinci tare da almajiransa, ya ɗauki gurasa ya yi godiya ya gutsuttsura ya ba su, ya danganta ta da jikinsa. Ya kuma ɗauki ƙoƙo ya danganta abin da ke ciki da jininsa na alkawari. A ruwayar Luka da ta Bulus akwai umarnin a riƙa yin haka domin tunawa da shi.

Matiyu da Markus da Luka sun nuna cewa abincin na Idin Ƙetarewa ne, idin da Yahudawa ke yi don tunawa da fitarsu daga Masar a zamanin Annabi Musa, wanda a cikinsa ake yanka ɗan rago a ci da gurasa marar yisti. Daga nan ne Kiristoci suka ɗauki Yesu a matsayin ɗan ragon hadaya, suka kuma ɗauki jibin a matsayin hatimin sabon alkawari. Bisharar Yahaya kuwa ta sa abincin kafin idin, ba ta kawo labarin gurasa da ƙoƙo ba, sai ta kawo yadda Yesu ya wanke ƙafafun almajiransa. Wannan ɗan bambanci na ruwaya ya haifar da babbar gardama daga baya, kamar yadda za a gani.

Wani abin lura shi ne dalilin da ya sa Bulus ya yi maganar. A Koranti jibin cikakken abinci ne da ake ci a gidan wani mai hali. Masu wadata sukan riga su ci su ƙoshi, wasu har su bugu, alhali matalauta, waɗanda ke zuwa a makare, suna zaune da yunwa. Bulus ya tsawata musu, ya nuna cewa wanda ya ci yana wulakanta ɗan'uwansa hukunci yake jawo wa kansa, ya kuma umarci kowa ya binciki zuciyarsa kafin ya ci. Ke nan tun daga rubutu na farko, jibin ya zama ma'aunin zaman jama'a.

4.0 Ƙarnonin Farko

Littafin Didake, wanda aka rubuta a ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, ya ƙunshi addu'o'in godiya a kan ƙoƙo da gurasa, ya kuma shar'anta cewa sai wanda aka yi wa baftisma zai ci, kuma mai husuma da ɗan'uwansa sai ya sulhunta tukuna. Wajen shekara ta 112 Pliny, gwamnan Rum a lardin Bitiniya, ya rubuta wa Sarki Trajan cewa Kiristoci kan taru a wata rana kafin gari ya waye, sa'an nan su sake taruwa su ci abinci irin na kowa. Da yake a ɓoye ake yin ibadar, ana kuma jin suna ambaton jiki da jini, maƙiya sun riƙa zarginsu da cin naman mutane.

Don kawar da irin wannan zargi, Jastin Shahidi ya rubuta wa sarkin Rum bayani wajen shekara ta 155. Ya ce ranar Lahadi akan taru a karanta littattafan annabawa da rubuce-rubucen manzanni, shugaba ya yi wa'azi, a miƙe a yi addu'a, a kawo gurasa da ruwan inabi da ruwa, shugaba ya yi godiya jama'a su amsa da amin, a raba, dikinoni su kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba, a kuma tara gudummawa don marayu da gwauraye da fursunoni. Wannan tsari mai kashi biyu, watau karatu da wa'azi sa'an nan teburi, shi ne ƙashin bayan sujadar mafi yawan ikilisiyoyi har yanzu. A hankali kuma cikakken abincin ya rabu da ibadar, ya rage sai gutsure da kurɓi.

5.0 Saɓani a Kan Ma'ana

5.1 Gabas da Yamma

Ikilisiyar Yamma, wadda ke ƙarƙashin Paparoma, ta koma amfani da gurasa marar yisti bisa hujjar cewa abincin na Idin Ƙetarewa ne. Ikilisiyar Girkawa ta riƙe gurasa mai yisti, tana kafa hujja da lissafin Bisharar Yahaya. Wannan na cikin batutuwan da aka yi ta jifan juna da su a rikicin 1054, wanda ake ɗauka a matsayin alamar rabuwar Katolika da Otodoks. Duk da haka ɓangarorin biyu sun yarda cewa bayan addu'a gurasar da ruwan inabin jiki da jinin Almasihu ne a haƙiƙa. Otodoks dai sun fi barin al'amarin a matsayin asiri ba tare da zurfafa bayanin yadda yake faruwa ba.

5.2 Sauyin Zati

A Yamma malamai sun nemi su bayyana yadda sauyin ke aukuwa. A ƙarni na 9 wasu sufaye biyu na gidan ibada na Corbie a Faransa, Radbertus da Ratramnus, sun yi rubuce-rubuce masu karo da juna a kai. A ƙarni na 11 aka tilasta wa Berengar na Tours ya janye ra'ayinsa a Rum, a 1059 da kuma 1079, saboda ya musanta cewa gurasar kanta tana sauyawa. Babban taron Lateran na huɗu, a 1215, ya yi amfani da kalmar da za a iya fassarawa da sauyin zati, ya kuma wajabta wa kowane baligi cin jibin aƙalla sau ɗaya a shekara, lokacin Ista. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya yi sharhin koyarwar da falsafar Aristotil. Wanda ya karanta ilmin tauhidi ba zai sha wuyar gane rabon da ya yi ba, domin shi ne rabon jauhari da arali: zatin gurasa ya gushe ya zama jikin Almasihu, amma sifofinta na launi da ɗanɗano da nauyi suna nan yadda suke.

Wannan koyarwa ta yi tasiri a aikace. Saboda tsoron kada a zubar da abin da ke cikin ƙoƙo, sai aka daina ba talakawan ikilisiya, firist kaɗai ke sha. Taron Konstans ya tabbatar da wannan al'ada a 1415, shekarar da ya yanke wa Jan Hus na Bohimiya hukuncin da ya kai ga ƙone shi. Mabiyan Hus suka ɗauki ƙoƙo ya zama tambarinsu, aka kuma shafe shekaru ana yaƙi a ƙasar.

5.3 Masu Gyara na Ƙarni na 16

Masu gyaran ikilisiya sun haɗu a kan ƙin sauyin zati, da ƙin ɗaukar jibin a matsayin hadayar da firist ke miƙawa, da kuma mayar wa jama'a ƙoƙo. Amma su ma sun kasa daidaitawa a tsakaninsu. Martin Luta ya ce jiki da jinin suna nan da gaske tare da gurasa da ruwan inabin, ba tare da waɗannan sun gushe ba. Zwingli na Zurik ya ce alamu ne na tunawa, domin jikin Almasihu yana sama. A 1529 Filibus, mai mulkin Hesse, ya tara su a Marburg ta Jamus don ya haɗa kansu. Suka yarda a kan batutuwa 14 daga cikin 15, suka rabu a kan na ƙarshe, Luta kuma ya ƙi karɓar mutanen Zwingli a matsayin 'yan'uwa a bangaskiya.

Ga manazarcin harshe wannan gardama tana da ban sha'awa, domin a kan kalma guda ta tsaya, watau est ta Latin, wadda ke daidai da ne ko ce a Hausa. In Bahaushe ya ce Audu malami ne, haƙiƙa yake nufi. In kuwa ya ce Audu zaki ne, siffantawa ce. Ginin jimlolin biyu ɗaya ne, nahawu ba zai iya raba su ba, sai dai mai sauraro ya duba muhallin magana. Luta ya ɗauki maganar Yesu a kan gurasa a sahun farko, Zwingli ya sa ta a na biyu.

Jon Kalbin na Janeba ya bi tsakiya: mai bi yana cin Almasihu da gaske, amma ta ruhu da bangaskiya, ba da haƙori ba. Ikilisiyar Ingila, a cikin Ƙa'idodi 39 na 1571, ta ƙi sauyin zati ta kuma karkata ga wannan fahimta. Katolika kuwa sun sake tabbatar da matsayinsu a taron Trent, a 1551 game da sauyin zati, a 1562 game da hadaya. Ba a baki kawai gardamar ta tsaya ba. An ƙone Akbishop Cranmer a Oksfod a 1556, ra'ayinsa a kan jibin na cikin laifuffukan da aka tuhume shi da su. Daga baya ƙaya ta juya, dokar Ingila ta 1673 ta wajabta wa mai riƙe muƙamin hukuma ya ci jibi a majami'ar Angilikan ya kuma musanta sauyin zati. Sai a 1828 da 1829 aka kawar da waɗannan sharuɗɗa.

6.0 Yadda Ake Gudanarwa

Bambancin ma'ana shi ke haifar da bambancin aiki. A Katolika firist da aka naɗa ne kaɗai ke iya tsarkake gurasa, ana yi kullum, kuma dokar ikilisiya ta 1983 ta shar'anta gurasar alkama zalla da ruwan inabi na gaske. Abin da ya rage akan ajiye shi a wani akwati na musamman da fitila a gefensa, masu ibada suna rusuna masa. Mai babban zunubi sai ya yi iƙirari gaban firist kafin ya ci. Dā akan yi azumi tun daga tsakar dare, Paparoma Pius na 12 ya rage shi zuwa awa 3 a 1957, Paparoma Bulus na 6 ya mayar da shi awa 1 a 1964. Tun daga dokar Pius na 10 ta 1910 yara kan fara ci suna da kimanin shekara 7. Taron Batikan na biyu (1962 zuwa 1965) ya buɗe ƙofar yin sujadar da harsunan jama'a, ta haka ne Hausa ta samu shiga inda dā Latin ke nan.

Otodoks suna haɗa gurasa da ruwan inabi a ƙoƙo ɗaya su bayar da cokali, har ga jarirai da aka yi wa baftisma. A wajen Furotestan kuwa, wasu na yi kowane mako, wasu kowane wata, wasu sau huɗu a shekara. Kalbin ya so a riƙa yi kowane mako, majalisar Janeba ta tsayar da sau huɗu. Yunƙurin yaƙi da shan barasa ya sa Thomas Welch, wani likitan haƙori ɗan Metodis a Amurka, ya samar da ruwan inabi marar barasa a 1869, tsoron cututtuka kuma ya kawo ƙananan kofuna na ɗai-ɗai a shekarun 1890. Shaidun Jehobah sau ɗaya suke yi a shekara. Kwekas da Rundunar Ceto kuwa ba sa yin ibadar sam.

Babbar tambaya ita ce wa ke da hakkin zama a teburin. Katolika da Otodoks, a bisa ƙa'ida, ba sa ba wanda ba nasu ba, domin a ganinsu ci tare shaida ce ta haɗin kan da ya riga ya tabbata. Yawancin Furotestan suna gayyatar duk wanda aka yi wa baftisma. An samu ci gaba wajen sulhu: yarjejeniyar Leuenberg ta 1973 ta ba Lutaran da mabiyan Kalbin na Turai damar ci tare, shekara 444 bayan Marburg, takardar Lima ta 1982 ta Majalisar Ikilisiyoyin Duniya kuma ta tattara abubuwan da aka yarda a kansu. Amma tsakanin Katolika da Furotestan teburi bai zama ɗaya ba har yanzu.

7.0 Afirka da Masu Magana da Hausa

A Afirka tambayoyi uku suka fi fitowa. Ta farko ita ce ta kayan jibin. Alkama da inabi abincin ƙasashen Bahar Rum ne, ba su ne cimar yawancin 'yan Afirka ba. Malamin Katolika ɗan Kamaru, Jean-Marc Ela, ya yi suka a littafinsa na 1980 cewa ibadar da ba ta yiwuwa sai da kayan da aka shigo da su daga waje tana ƙara dogaro ga Turai. Ikilisiyar Kimbangu ta Kwango, wadda ta fara yin jibi a 1971, tana amfani da waina ta kayan gona na ƙasar da ruwan zuma. Masu riƙe da alkama da inabi kuwa suna cewa su ne abin da Yesu ya ɗauka, ba a kuma da ikon sauya su.

Ta biyu ita ce ta aure. Taron bishop-bishop na Angilikan a Lambeth ya hana yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma a 1888, wanda ba shi da baftisma kuwa ba shi da jibi. Magidanta da yawa sun tsufa suna zuwa majami'a ba su taɓa ci ba. Sai a 1988 taron ya sassauta bisa sharuɗɗa. Ta uku ita ce ta launin fata: a 1857 majalisar ikilisiyar Dutch Reformed a Afirka ta Kudu ta yarda a raba wurin ibadar farare da na baƙaƙe, bayan wasu farare sun ƙi cin jibi tare da baƙaƙe, matakin da ya share fage ga wariyar launin fata a majami'a. Cutar Koranti ce ta sake ɓullowa da wata kama.

A Arewacin Nijeriya Hausa ce harshen sujada na Kiristoci masu yawa na ƙabilu dabam-dabam. Schön ya fitar da Sabon Alkawari da Hausa a 1880, cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932 da hannun Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, sabuwar fassara kuma ta biyo baya a 1979. Kowace mishan ta zo da fahimtarta: Katolika a Shendam tun 1907, Lutaran a Numan tun 1913, Angilikan a Zariya da Wusasa, ikilisiyar ECWA da ta fito daga mishan ta SIM a 1954. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta samo asali a Garkida a 1923, ta gaji al'adar haɗa jibin da wanke ƙafafu bisa ruwayar Yahaya. Ke nan suna ɗaya na Hausa yana ɗauke da ma'anoni da dama. A yawancin waɗannan ikilisiyoyi hana mutum jibi shi ne ginshiƙin abin da ake kira horo, dawo da shi teburi kuma shi ne alamar an karɓi tubansa. Wannan ba baƙon tunani ba ne a ƙasar da ake ɗaukar ci a akushi ɗaya a matsayin shaidar amana.

8.0 Kammalawa

An ga cewa Jibin Ubangiji ya samo asali ne daga abincin ƙarshe na Yesu da almajiransa, kuma ya ƙunshi godiya, da tunawa, da alkawari, da tarayya. An kuma ga cewa saɓanin Kirista a kansa ya ta'allaƙa ne a kan tambayoyi uku: mene ne ake ci, wa ke da ikon bayarwa, wa kuma ke da hakkin karɓa. Tambayoyin ba su tsufa ba, domin a 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe majami'u, an sake gardama a kan ko jibin da kowa ya ci a gidansa yana kallon fasto ta intanet ya inganta. Ga masu nazarin Hausa akwai aiki a gaba, musamman kwatanta kalmomin jibin a fassarar 1932 da ta 1979, da littattafan addu'a da na waƙoƙi na ikilisiyoyi dabam-dabam, don a ga yadda kowace aƙida ta sarrafa harshen ya ɗauki ma'anarta.